PGDE, Mastas ko CELTA: Wanne Ya Kamata Mai Digirin Turanci Ya Fara Yi Idan Koyarwa Zai Shiga?

Wanda ya gama digirin Turanci ya kammala hidimar ƙasa yakan fito da ilimi mai yawa game da harshen. Zai iya feɗe jimla ya nuna maka ginshiƙinta da rassanta, zai iya yin sharhi a kan wasan kwaikwayo ko waƙa shafi goma bai tsaya ba. Amma a shigar da shi aji biyu na ƙaramar sakandare, a ba shi alli da minti 40 da yara saba'in, a ce ya koya musu bambancin "I have gone" da "I went", nan za a ga inda gizo ke saƙar. Yawanci zai rubuta ma'anar kowanne a allo kamar yadda aka rubuta masa a jami'a, ya yi bayani na rabin awa, ya tambaya ko an gane, yara su amsa da murya ɗaya cewa sun gane, a buga ƙararrawa. Washegari babu ko ɗaya da zai iya gina jimla da abin da aka koyar. Ba laifinsa ba ne. Shekara huɗun da ya yi ba a koya masa koyarwa ba ko na awa ɗaya.

A Najeriya hanyoyi uku ne irin wannan mutum ya fi dubawa: diflomar koyarwa ta bayan digiri wato PGDE, digiri na biyu wato mastas, da kuma takardun shaidar koyar da Turanci na Cambridge irin su CELTA. Mutane kan kwatanta su ta fuskar kuɗi da tsawon lokaci kawai. Mu a ganinmu tambayoyi biyu ne suka fi waɗannan muhimmanci. Wace ƙofa takardar take buɗewa a hukumance? Sannan awa nawa za ka tsaya gaban ɗalibai na gaske kana koyarwa, wani gwani yana zaune a baya yana rubuta kurakuranka? Amsoshin ba sa haɗuwa a wuri ɗaya, shi ya sa zaɓen yake da wuya.

PGDE: takardar da doka ta sani

Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 31 ta 1993, ba ta ɗaukar digirin B.A. shi kaɗai a matsayin shaidar malanta. Rukunonin rajistarta huɗu ne: D na masu NCE, C na masu digirin farko, B na masu digiri na biyu, A na masu digirin digirgir. A rukunoni ukun sama, sharaɗin shi ne ko dai digirin ya kasance na fannin ilimi, ko kuma a haɗa shi da wata shaidar koyarwa kamar PGDE, PDE (wata diflomar koyarwa ce ita ma) ko NCE. Bayan haka akwai jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta kafin a ba da lasisi. Nan akwai abin da da yawa ba su lura da shi ba: wanda ya yi NCE kafin ya shiga jami'a ya riga ya mallaki shaidar koyarwa, ba lallai sai ya yi PGDE kafin ya yi rajista ba. Irin wannan ya adana kuɗinsa ya nufi mastas kai tsaye.

Ga wanda bai da NCE, PGDE ce hanya. Ana yin ta a tsangayoyin ilimi na jami'o'i kamar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, ana yin ta a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ana kuma yin ta a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda ke da cibiyoyin karatu a jihohi inda ake haɗuwa a ƙarshen mako. Ƙanwarta PDE a kwalejojin ilimi aka fi samunta, ita ma TRCN na karɓa. Ga mai karatu na cikakken lokaci zango biyu ne, kusan shekara guda. Mai yi yana aiki yakan ɗan wuce haka.

Abin da ke cikinta kusan iri ɗaya ne ko'ina: tarihin ilimi, falsafarsa, halayyar ɗan Adam a wajen koyo, tsara manhaja, auna ɗalibai da hanyoyin jarrabawa, gudanar da makaranta, dabarun bincike, dabarun koyar da darasin da mutum ya karanta, ƙaramar koyarwa, ƙaramin kundi, sai kuma koyarwar gwaji, wadda kowa ke kira TP. Daga cikin waɗannan, uku ne ke taɓa aikin malamin Turanci kai tsaye.

Na farko kwas ɗin aunawa. Shi ne zai koya maka yadda ake tsara tambayoyi ta yadda jarrabawa za ta taɓo duk abin da aka koyar a zango gwargwadon nauyinsa, da yadda ake rubuta tambayar zaɓi wadda amsoshinta na bogi ba su fito fili ba. Sabon malami yakan rubuta tambaya mai amsa huɗu, uku daga ciki kowa ya san ba su ba ne, sai ya ɗauka yara sun iya. Na biyu ƙaramar koyarwa, dabarar da ta samo asali a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963: ka koyar da abokan karatunka darasi na minti 5 zuwa 10 kana gwada fasaha ɗaya tak, misali yadda ake jefa tambaya, a yi maka gyara, ka sake. Maimaitawar ce ruhin abin. Inda ɗalibai suka yi yawa, sai a raba su rukuni-rukuni a ce mutum ɗaya ya wakilci goma, ga shi kuwa ba a koyon tuƙi da kallon direba. Na uku TP kanta, wadda yawanci ba ta gaza mako shida.

Raunin PGDE a nan yake, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Ajin ya haɗa mai digirin lissafi da na tarihi da na aikin gona da na Turanci, don haka mafi yawan darussan na gama-gari ne. Dabarun koyar da Turanci kan zo a kwas ɗaya, wani lokaci ma a haɗe da sauran harsuna. A TP kuma, komai ya dogara ga mai zuwa dubawa. Idan sau ɗaya ya zo, ya duba littafin shirin darasinka, ya zauna minti 15 ya sa hannu, kuma shi kansa ba ɗan fannin harshe ba ne, ka samu maki amma ba ka samu gyara ba. Saboda haka kafin ka biya kuɗin fom, nemi waɗanda suka gama a cibiyar bara ka tambaye su abu uku: sau nawa aka zo duba su, wanda ya zo ɗan wane fanni ne, kuma kowane ɗalibi ya tsaya ya yi ƙaramar koyarwa ko wakilci aka yi. Amsar waɗannan ta fi sunan makarantar bayyana abin da za ka samu.

Idan ka shiga, kai ne za ka cike giɓin. Lokacin TP ka roƙi shugaban sashen Turanci na makarantar da aka tura ka ya zauna a ajinka sau ɗaya a mako. Ka raba minti 40 ɗinka tun a takarda: 5 na tuna darasin baya, 10 na gabatar da sabon abu da misalai, 15 na yara su yi da bakinsu da hannunsu bibbiyu, 7 na duba abin da suka yi, 3 na aikin gida. Ka ajiye waya ta naɗi muryarka, ka saurara da daddare ka ƙirga minti nawa kai ka yi magana. Karon farko kusan kowa yakan tarar ya cinye fiye da minti 30.

Mastas: ƙofar jami'a, ba horon aji ba

M.A. a Turanci kashi biyu ne, na harshe da na adabi. Zango biyu na kwasa-kwasai, sai kare shawarar bincike, sai kundi, sai karewa gaban mai jarrabawa na waje. A takarda shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne. A zahiri yakan zarce, saboda yawan ɗaliban da ke hannun mai duba kundi ɗaya da kuma yajin aiki. Na ASUU a 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Wanda zai shiga ya shirya wa wannan tun farko, musamman idan da kuɗin aljihunsa zai yi, domin tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ba na wanda ke neman aiki ba.

Abin da mastas ke saya maka a sarari yake. Da shi ake ɗaukar mutum mataimakin lakcara a jami'a, kuma shi ne tsanin digirin digirgir, wanda ba tare da shi ba ba a yin nisa a aikin jami'a. Amma ba ya ba ka lasisin TRCN, kuma babu TP a cikinsa. Mutum zai iya kammala shi da sakamako mai kyau ba tare da ya taɓa rubuta shirin darasi ba.

A jami'o'in Amurka da dama an daɗe da gane wannan matsala. Ɗalibin mastas ko digirin digirgir a sashen Turanci shi ake ba wa ajin koyon rubutu na 'yan shekarar farko, mai ɗalibai ashirin da 'yan kai, amma kafin ya shiga ana yi masa bita ta 'yan kwanaki, sannan ya ɗauki kwas na zango guda a kan koyar da rubutu, wani babba yana leƙa ajinsa yana duba yadda yake ba da maki. A wajenmu, sabon ma'aikaci yakan tsinci kansa a babban ɗakin lacca da ɗaruruwan 'yan aji ɗaya masu ɗaukar darasin amfani da Turanci na dole, ba tare da wani ya nuna masa komai ba. Sai ya koma ga abin da ya gani ana yi: karanta takardar lacca a lasifika, jarrabawar zaɓi a ƙarshe. Ɗalibai su ci darasin rubutu ba tare da sun rubuta sakin layi ɗaya an gyara musu ba. Sassan Turancinmu za su iya rage wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, ta hanyar wajabta wa kowane ɗalibin mastas jagorantar ƙaramin rukuni na mutum 25 zuwa 30 sau ɗaya a mako, ƙarƙashin idon babban malami.

Duk da haka kada a raina mastas na ɓangaren harshe ga malamin aji. Akwai abin da yake bayarwa wanda PGDE ba ta da shi, wato zurfin sanin dalilin kuskure. Hausa tana da wasula biyar, kowanne gajere da dogo, da tagwayen wasula biyu. Turancin da ake jarrabawa a kansa yana da sautukan wasali 20 da na baƙi 24. Yaron da ya ce "fan" a wurin "pan", ko "bery" a wurin "very", ko "sink" a wurin "think", ba sakaci ya yi ba, ya ɗauko sautin da ya fi kusa a harshensa ne. Wanda ya cusa wasali tsakanin baƙaƙen "screw" yana bin tsarin gaɓar Hausa ne, irin wanda ya ba mu sukudireba. Wanda ya rubuta "I am hearing hunger" ya fassara "ina jin yunwa" daidai wa daida, wanda kuma ya kira mota "she" ya bi jinsin kalmar a Hausa. Malamin da ya san wannan ba zai ɓata lokaci yana faɗa ba. Zai sa yara su riƙe 'yar takarda a gaban leɓe su ce "pan" su ga ta motsa, sannan su ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa su ce "fan". Minti biyar a farkon kowane darasi na mako biyu ya fi lacca guda a kan sautuka arba'in da huɗu. Mai son koyarwa da ya zaɓi mastas, to ya karkata ga ilimin furuci da ginin jimla da nazarin kurakuran masu koyo, kuma ya ɗauko bayanan kundinsa daga aji na gaske.

Mastas na adabi ya dace da mai niyyar zama a jami'a ko koyar da adabi a babbar sakandare. Ga matsalar yaron da bai iya gina jimla ba, taimakonsa kaɗan ne.

Akwai kuma M.Ed, wato mastas na fannin ilimi, na koyar da Turanci a matsayin harshe na biyu, wanda ake yi a tsangayar ilimi, kamar a Zariya. Shi ne ya fi kusa da haɗa biyun. Sai dai ba a shiga sai da digirin ilimi ko PGDE, kuma wasu sassan Turanci ba sa ɗaukar mai shi a matsayin nasu idan ana ɗaukar lakcarori, sai su ce ya nufi tsangayar ilimi. Wanda burinsa kwalejin ilimi ne ko horar da malamai, wannan tasa ce.

CELTA da TKT

CELTA ta Cambridge kishiyar mastas ce ta kowace fuska. Gajera ce, mako huɗu zuwa biyar ga mai cikakken lokaci, awa 120 na horo, kuma kusan duka aiki ne. Za ka koyar da ɗalibai na gaske na awa 6 a matakai biyu mabambanta, mai horarwa yana zaune yana aunawa. Za ka kalli ƙwararrun malamai na wasu awa 6, ka rubuta ayyuka huɗu masu kalmomi 750 zuwa 1,000 kowanne. Awa shida ta yi kama da kaɗan idan aka ɗora ta kusa da mako shida na TP, amma kowane minti a cikinta an kalla. Ana gama darasi za a zauna da kai da abokan rukuninka, waɗanda ba sa wuce shida, a warware abin da ka yi: nan ka ba da umarni bayan ka raba takarda shi ya sa ba wanda ya saurare ka, nan ka tambaya ko an gane maimakon ka gwada, nan ka tsaya ka rufe allo da jikinka. Darasi na gaba ana sa ran ganin ka gyara.

Wannan maganar gwadawa ita ce babbar ribar. Idan ka koyar da "He used to live in Katsina", ba a yarda ka ce "kun gane?" ba. Za ka tambaya: a da yana zaune a Katsina? Yanzu fa? Kwana ɗaya ya yi ko ya daɗe? Amsoshin ne za su nuna maka wanda ya kama da wanda ya gyaɗa kai kawai. Wannan dabara tana aiki a ajin mutum goma, tana aiki a na ɗari.

Amma CELTA ba ta cikin shaidun da ke ba ka rajistar TRCN, ba ta kuma ƙara maka mataki a aikin gwamnati. An gina ta ne domin koyar da manya a ƙananan azuzuwa masu kayan saurare da takardun rabawa, don haka sai ka yi wa dabarunta kwaskwarima kafin su zauna a ajin da yara huɗu ke kan benci ɗaya. Kuɗinta da kuɗin waje ake lissafawa, kuma ya ninka na PGDE nesa ba kusa ba. Ana yin ta ta intanet yanzu, amma darasi ne kai tsaye da ɗalibai, wanda wutarsa ko sabis ɗinsa ke yankewa zai sha wahala. Inda take da daraja shi ne makarantu masu bin manhajar waje, cibiyoyin koyar da harshe, shirya masu jarrabawar ƙwarewa a Turanci ta IELTS, da neman aiki a ƙetare.

TKT, wata takardar Cambridge ta gwada sanin dabarun koyar da Turanci, ta fi sauƙi ƙwarai. Jarrabawa ce kawai, manyan sassanta uku, kowanne tambaya 80 cikin minti 80, sakamako daga mataki 1 zuwa 4. Tana koya maka kalmomin sana'ar da tunaninta, ba ta ganin yadda kake koyarwa. Ta dace da wanda ya yi PGDE yake son ƙarin abin da ya shafi Turanci zalla. Takardun koyar da Turanci na TEFL masu arha da ake tallatawa a intanet kuwa, in dai babu koyarwar da wani ya zauna ya kalla, ba su kai CELTA ba ko da an rubuta awa 120 a jikinsu.

Abin da za ka koya da kanka ko wacce ka zaɓa

Duban insha'i ne ke fara karya sabon malamin Turanci. Ka ɗauka kana da aji huɗu, kowanne yara 70. Littafi 280 ke nan. In kowanne ya ci minti biyar, ka haura awa 23 a kan aiki ɗaya. Shi ya sa malamai da yawa ke daina ba da insha'i gaba ɗaya, yara su isa aji shida ba su saba rubutu ba. Mafita ita ce kowa ya rubuta duk mako, amma kai ka duba kashi ɗaya bisa huɗu da kyau kana juyawa, sauran su yi musayar littafi su duba wa juna abu ɗaya da ka ayyana, misali daidaiton aikatau da mai aikatawa. Kada ka gyara kuskure da hannunka. Ka ja layi ka sa alama a gefe, yaro ya nemo gyaran. Kuma ka san ma'aunin WAEC tun wuri: insha'in kalma 450 ne, maki 50, an raba su 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayyanawa, 10 na tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar rubutu ke cin rabin maki. Kuskure ashirin sun share goman nan kaf. Zuwa taron daidaita maki na WAEC ko NECO a matsayin mai duba takardu yana koya wa malami wannan fiye da kowane kwas.

To wanne za a fara? Mai nufin sakandare, ta gwamnati ko mai zaman kanta, ya fara da PGDE, ya yi rajista, ya yi shekara biyu a aji, sannan ya duba mastas. Zai shiga da tambayoyin bincike na gaske, kuma idan ya gama mastas ɗin, rajistarsa za ta iya tashi daga C zuwa B. Mai sakamako mai ƙarfi da ke hangen jami'a ya fara da M.A., amma ya nemi aji ko na sa-kai ne yana koyarwa a gefe, ya kuma sa PGDE a lissafinsa, domin kwalejojin ilimi suna neman shaidar koyarwa daga lakcarorinsu. Kada ya haɗa biyun a shekara ɗaya: jami'o'i da yawa sun hana rajistar shiri biyu a lokaci guda, kuma TP takan faɗo daidai lokacin da mai duba kundi ke jiran babi. Mai hangen ƙetare ko makarantun manhajar waje, in yana da hali, CELTA ce za ta fi saurin biyan kanta. Shi kuma matashin malamin Turanci da ya riga ya fara aiki, ya sa ido a kan shirin Fulbright na mataimakan koyar da harsuna, wanda ke kai malamai jami'o'in Amurka na shekarar karatu guda su koyar da harshensu, Hausa na ciki, su kuma zauna a wasu azuzuwa a can. Ba digiri ake bayarwa ba, kuma ana neman wanda ya riga ya taɓa koyarwa, don haka ya ajiye takardar shaidar aiki daga kowace makarantar da ya koyar, har da ta lokacin hidimar ƙasa.